Tayar Da Ke Ajiye Ita Ma Tana Tsufa

A ƙasar Kebbe da Tambuwal abubuwan hawa na aikin gona ba su yin aiki shekara duka. Tarakta ta kan yi kaftu da huɗa daga ƙarshen bazara zuwa farkon damina, sa'an nan a kai ta bayan gida ko gindin itace, ta yi ta zama har wata shekara. Amalanken shanu ya kan sha aiki da kaka wajen kwaso dammunan gero da dawa, da kuma rani wajen kai taki gona, tsakanin nan kuwa yana jingine. Haka a-kori-kurar ɗan kasuwa, wadda ke jigilar shinkafa da wake da albasa daga Kuci da Girkau da Margai zuwa Tambuwal ko Jega ko Sakkwato: in kaya sun yanke sai a kafe ta. Akwai kuma motar ma'aikaci, wadda ba a fito da ita sai ran Salla ko ran biki.

Galibin masu waɗannan abubuwan hawa sun ɗauka cewa hanya ce kaɗai ke cin taya, watau muddin zanenta bai suɗe ba tana nan da ƙarfinta. Wannan zato ya jawo wa mutane hasara mai yawa. Taya tana tsufa ko tana tafiya ko tana tsaye, wani lokaci ma ta tsaye ta kan riga ta tafiya lalacewa. Ba ta kuwa nuna halinta sai an labta mata kaya an hau kwalta da tsakar rana, watau ran da amfanin gonar shekara guda da rayukan mutane ke bisa kanta.

Abin Da A Ke Yin Taya Da Shi

Asalin taya danƙo ne, watau ƙaron wani itace da a ke shukawa a ƙasashe masu yawan ruwan sama. A Nijeriya ana noman sa a kudu, wajen Edo da Delta da Kuros Riba. Ana kuma haɗa wani irin danƙo daga man fetur, tayoyin yanzu kuwa gamin biyun ne. Ɗanyen danƙo ba ya jure aiki, gama da zafi ya kan yi yauƙi, da sanyi ya sandare. A 1839 wani Ba'amurke, Charles Goodyear, ya gano cewa in aka dafa danƙo da farar wuta sai ya yi ƙarfi, ya riƙa miƙewa yana komawa yadda ya ke. A 1888 kuma wani likitan dabbobi, John Boyd Dunlop, ya yi wa keken ɗansa taya mai iska a birnin Belfast. Daga nan sana'ar ta bunƙasa.

In aka yanka tayar mota za a ga hawa-hawa ce. Daga waje akwai roba mai kauri mai zane, wadda ke taka ƙasa. Ƙarƙashinta akwai ɗamarar waya ta ƙarfe. Ƙarƙashin wannan akwai saƙar zare mai ƙarfi, wadda ita ce ƙashin tayar. Can ciki kuma akwai shafen roba mai tsare iska, ko kuwa tif a tayoyin da ke aiki da shi. Abin da ke riƙe da waɗannan duka wata roba ce siririya da ta manne su, kamar yadda laka ke riƙe da tubali. Ƙarfin taya yana ga wannan manni, shi kuwa ido ba ya ganinsa.

Abubuwan Da Ke Tsofar Da Ita

Na farko iska. Cikin iskar da mutum ke shaƙa akwai wani sashe da masana ke kira oksijin, shi ne mai sa ƙarfe tsatsa, shi ne kuma mai sa man gyaɗa ya canja wari in ya daɗe. Iskar da mai faci ya ɗura wa taya tana ɗauke da shi, kuma da ya ke a matse ta ke, a hankali ta kan ratsa jikin robar daga ciki zuwa waje. Duk inda ta ratsa sai robar ta riƙa taurara, ta rasa laushinta, mannin da ke tsakanin waya da roba ya yi rauni. Wannan aiki dare da rana ya ke yi, ko mota na tafiya ko tana kulle cikin gareji.

Na biyu zafi. Zafi ne ke gaggauta wancan aikin na iska. Masana sun ƙiyasta cewa in zafi ya ƙaru da digiri 10, irin wannan lalacewa ta kan kusa ninka saurinta. A ƙasar Sakkwato, daga watan Maris zuwa Mayu zafin rana ya kan haura digiri 40 a inuwa, baƙar taya kuwa da ke tsaye cikin rana ta fi haka nesa. Saboda haka tayar da za ta yi shekaru da yawa lafiya a Turai, a Kebbe ba za ta kai ko kusa ba.

Na uku hasken rana da wata iska mai kaifi da a ke kira ozon. Su ne ke cin fatar taya daga waje, su bar ta da ƙananan tsagu kamar faso. Ozon kaɗan ce cikin iska, amma ta kan yi yawa kusa da inda a ke walda da inda injunan lantarki ke aiki. Baƙin da a ke gani a taya ma ba ado ba ne, wani baƙin gari ne mai kama da kunkunniya da a ke cuɗawa cikin robar domin ya ƙara mata ƙarfi, ya kuma kare ta daga rana.

Na huɗu mai da laima. Fetur da kananzir da gas da giris da baƙin mai duk suna jiƙa roba su ruɓar da ita. Ruwa shi kaɗai ba ya cin roba, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: in fatar ta riga ta tsattsage, ruwan damina ya kan bi tsagar har ya kai ga waya, ta yi tsatsa, ta saki robar da ke manne da ita.

Dalilin Da Ya Sa Zama Ke Cutar Ta

Masu yin taya sun san da waɗannan abokan gaba, don haka su kan cuɗa kakin kariya da wasu magunguna cikin robar. Waɗannan a hankali su ke tsattsafowa zuwa fatar taya su rufe ta, kamar yadda maiƙon jiki ke hana fatar mutum bushewa da hunturu. Abin da ke taimakon fitowarsu shi ne motsi. Sa'ad da taya ke juyawa, tana lotsawa tana miƙewa tana ɗan ɗumi, sai sabon magani ya riƙa fitowa yana maye wanda rana da ruwa suka cinye. Shi ya sa wani lokaci a kan ga gefen taya ya yi ja-ja kamar ƙasa, wannan alama ce maganin ya fito ya yi aikinsa. Tayar da ta yi wata shida ba ta motsa ba, na fatarta ya ƙare, na ciki kuwa bai samu fitowa sosai ba.

Har wa yau, taya ko ba ta da huji tana rage iska, misalin ɗaya ko biyu a gejin masu faci kowane wata. Motar da ke aiki kullum ana lura a ƙara mata, wadda ke ajiye kuwa ba mai dubawa. Bayan wata biyar ko shida sai a tarar ta zauna, nauyin motar duka ya taru wuri guda, gefenta ya lanƙwashe. A daidai wannan lanƙwasa tsaga ke farawa, zaren ciki kuma ya gaji. In ta kai ga zama bisa ƙarfen wili, sau da yawa zaren ya riga ya karye, ko da an ɗura mata iska ta tashi kamar ba abin da ya same ta.

Ran da aka ɗora wa irin wannan taya buhunan shinkafa aka hau hanyar Tambuwal zuwa Sakkwato, gudu da nauyi da zafin kwalta sai su taru su dafa ta. Mannin da ya riga ya yi rauni ya saki, zanen ya ɓare daga jikin tayar kamar ɓawon rake, ko kuwa gefen ya fashe gaba ɗaya. In ta gaba ce sitiyari ya kan ƙwace, in ta baya ce motar ta kan yi wutsiya, mai dogon lodi kuwa ta kife.

Abin Da Ya Faru A Wasu Ƙasashe

A Turai da Amurka akwai attajirai masu tara motoci na da da masu tsada don sha'awa, suna ajiye su cikin ɗaki, ba su fito da su sai jefi-jefi, kamar yadda a wasu fadojin sarakunan Arewa a ke da tsofaffin motocin da sai ran hawa a ke ganinsu. Irin waɗannan motoci tayoyinsu su kan yi shekaru zanensu bai taɓu ba. Ran 30 ga Nuwamba 2013 wani sanannen ɗan wasan sinima na Amurka, Paul Walker, ya mutu tare da abokinsa cikin wata mota ƙirar Porsche a jihar Kalifoniya. Masu bincike sun ce gudu ne babban sanadi, amma sun kuma tarar tayoyin motar sun kai shekara 9, ita kuwa motar ba ta yi wata tafiya mai yawa ba tun da aka ƙera ta.

A Ingila, cikin watan Satumba 2012, tayar gaba ta wata bas ta fashe a kan babbar hanya, mutum 3 suka mutu, har da direban. Da aka duba sai aka ga shekarun tayar 19, zanenta kuwa bai kai ga ƙarewa ba. Wannan ya sa aka yi doka, wadda ta fara aiki ran 1 ga Fabrairu 2021, ta hana sa tayar da ta wuce shekara 10 a gaban bas ko babbar mota.

Batun zafi kuma an gan shi a fili a shekarar 2000, sa'ad da kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 a Amurka saboda zanensu na ɓarewa ana cikin gudu. Galibin haɗurran a jihohi masu zafi suka auku. Bayan haka hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasar ta tattara tsofaffin tayoyi daga birnin Phoenix, wanda ke cikin hamada, ta gwada su, ta tabbatar cewa zafi da shekaru suna rage ƙarfin taya ko da ba ta suɗe ba. Zafin bazarar Sakkwato bai yi nisa da na wannan birni ba.

Yadda A Ke Karanta Shekarun Taya

Kusan kowace tayar mota tana ɗauke da ranar haihuwarta a gefenta. A nemi inda aka rubuta haruffan DOT kusa da bakin wili. Bayansu akwai jerin haruffa da lambobi, a ƙarshen jerin kuma akwai lambobi huɗu, galibi cikin wani ɗan zobe mai siffar ƙwai. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In an ga 2319, watau an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019, farkon watan Yuni ke nan. In an ga 0422, mako na 4 ne na 2022, watau ƙarshen Janairu. Lambobi biyun farko ba su wuce 53, domin makonnin shekara iyakarsu ke nan. Wanda ya ga lambobi uku kawai ya sani an yi tayar kafin shekarar 2000, wannan kuwa ba ta da sauran aiki a kan kwalta.

Sau da yawa gefe ɗaya kaɗai a ke buga cikakkiyar lambar, saboda haka in ba a gan ta daga waje ba sai a leƙa ta ciki. Wanda bai iya karatun boko ba ya tafi da yaron da ya iya, ko ya nemi malamin gona ko wani akawu ya duba masa. A kuma shafa wurin da yatsa. In an ji alamar kankara ko ƙuna, ko lambobin ba su yi kama da sauran rubutun ba, to, an taɓa su, sai a bar wa mai ita abarsa.

Shekara Nawa Ta Ke Yi?

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗin direbobi cewa wa'adin taya shekara 4 ne daga ranar da aka yi ta, jami'anta kuma su kan duba wannan lamba a kan hanya. Bisa wannan lissafi, mai lamba 2319 wa'adinta ya cika tun Yunin 2023. A ƙasashen waje wasu kamfanonin mota sun ce a canja taya in ta kai shekara 6, wasu kamfanonin taya kuma, irin su Michelin, sun ce daga shekara 5 a riƙa kai ta ana dubawa kowace shekara, in ta kai 10 a cire ta ko yaya kyanta ya ke. Bambancin bai zama abin ruɗu ba. Mai hawa hanyar Nijeriya maganar hukumar ƙasarsa zai bi, ga shi kuma zafi da ramuka da yawan lodi duk sun fi na can.

Abin lura shi ne daga ranar da aka yi ta a ke ƙirge, ba daga ranar saye ba. A da ana yin taya a ƙasar nan, Michelin a Fatakwal, Dunlop a Ikeja. Na farko ya rufe masana'antarsa a 2007, na biyu a 2008. Tun daga nan galibin tayoyin mota daga ƙetare a ke kawo su, su yi watanni a jirgin ruwa da tashar jirgi da sito, sa'an nan su iso kanti a Sakkwato ko Jega, inda wata za ta ƙara shekara ƙarƙashin rufin kwano. Don haka ko sabuwa ce fil a ledarta, a duba lambar kafin a biya.

Tayar Gwanjo

Saboda tsadar sabuwa, mutane da yawa su kan koma ga tsofaffin tayoyin da a ke shigowa da su daga waje, waɗanda a ke kira tokumbo ko 'yan Beljiyam. Gwamnati ta daɗe da sa tsofaffin tayoyin ƙananan motoci cikin jerin kayan da aka hana shigowa da su, amma ba su yanke a kasuwa ba. Da yawansu an cire su ne a can saboda shekaru, zanensu kuwa da saura, shi ne ke ruɗin mai saye. Wasu kuma an yi su ne don ƙasashen ƙanƙara, robarsu mai taushi ce ƙwarai, a kan gane su da hoton dutse mai ƙwayar ƙanƙara a ciki. Irin waɗannan ba su shiri da kwaltar bazara. Akwai ma waɗanda a ke cusa wata cikin wata don a rage kuɗin jirgi, wannan kuwa ya kan lanƙwasa wayar bakinsu.

A tayoyin ƙananan motoci da yawa akwai harafin da ke nuna jimirin zafi: A ko B ko C. Mai A ta fi jurewa, mai C ita ce ta ƙarshe. Mutumin ƙasar Sakkwato ya nemi A, in bai samu ba B.

Lissafin araha kuwa ga yadda ya ke. A ce sabuwar taya ta ci kuɗin buhu biyu na gero ta yi kaka huɗu, kowace kaka rabin buhu ke nan. A ce ta gwanjo ta ci buhu ɗaya ta yi kaka ɗaya da rabi, kowace kaka ta ci fiye da rabin buhu, ban da kuɗin faci. Ba a kuma sa albasa ko tumatirin da zai ruɓe a gefen hanya ba, da ranar kasuwar da za ta wuce, da kwanan daji, wanda a wannan zamani ba mai son ya yi shi. Araha dai ba ta ado.

Yadda Za A Ajiye Abin Hawa In Aiki Ya Ƙare

Da fari a wanke tayoyin da ruwa da sabulu, a cire tsakuwa da ƙaya da suka maƙale cikin zane, a bari su bushe. Kada a shafa musu baƙin mai ko gas don su yi sheƙi, kamar yadda wasu yaran mota ke yi, gama wannan ruɓar da su ya ke yi.

A nemi inuwa. Rumfar kara ko ta zana ta isa. In babu, a rufe kowace taya da tsohon buhu ko asabari ko guntun zana, musamman gefen da rana ke duka. A sauke duk kayan da ke bisa motar. Kada a tsai da ita inda ruwa ke kwanciya, ko cikin turken shanu inda fitsari da taki ke jiƙa ƙasa, ko inda man inji ke ɗiga. A nisanta ta daga janareta da wurin walda, da buhunan takin zamani da magungunan feshi.

Abin da ya fi duka shi ne a ɗauke wa tayoyin nauyi. A ɗaga da jak, a tokare gindin motar da kututture mai ƙarfi ko bulo a kan ƙasa mai tauri, yadda tayoyin za su bar ƙasa. Amalanke ma haka, tokara biyu ƙarƙashin ƙarfen da ke riƙe da ƙafafunsa sun isa. A riƙa duba itacen saboda gara, a kuma hana yara wasa ƙarƙashi. In ba za a iya ɗagawa ba, a sa katako ƙarƙashin kowace taya, a cika iska daidai, a riƙa gwadawa da geji kowane wata, sa'an nan kowane mako biyu ko uku a tada motar a yi 'yar tafiya da ita ta mil kaɗan, domin tayoyin su motsa su sake mazauni. Wannan ya kan amfani batir da injin ma.

Tayar da aka cire daga wili a tsai da ita tsaye cikin ɗaki mai duhu da sanyi, a riƙa juya ta kowane wata. Wadda ke kan wilinta ana iya kwantar da ita ko a rataye ta. Tif kuwa a ɗan sa masa iska kaɗan, kada a ninke shi, domin a kan ninkin ya ke tsagewa. Kada a manta da safaya. Ita ce ta fi kowace zama, ga ta rataye a baya ko ƙarƙashin mota tana shan rana da ƙura, sau da yawa ita ce mafi tsufa, sai ran da aka neme ta a tarar ba ta da amfani.

Kafin A Koma Aiki

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun da sauran mako biyu ko uku a fara girbi ya kamata a bi tayoyin ɗaya-ɗaya, ciki da waje, da rana tsaka inda ido zai gani. Ƙananan tsagu marasa zurfi gargaɗi ne. Tsagar da farce ke shiga, ko wadda a ke hango zare ko waya ta cikinta, ta gama da tayar. Haka kumburi ko ƙullutu a gefe, domin wannan alama ce zaren ciki ya tsinke, faci kuwa ba ya maganinsa. A duba cikin ramukan zane, nan ma tsaga ta kan ɓuya. A danna robar da farce: mai lafiya tana ɗan lotsawa, tsohuwa kuwa ta kan yi tauri da santsi kamar ƙaho, irin wannan ba ta kama kwalta in an yi ruwa. Zane kuma in ya suɗe har ya yi daidai da 'yan tudun da aka sa cikin ramukansa, watau saura milimita 1.6, ya ƙare.

A gwada iska da safe kafin mota ta yi tafiya, domin zafi ya kan ƙara abin da geji ke nunawa. Gwargwadon da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba ko cikin littafin motar, a ƙananan motoci galibi tsakanin 30 da 35 ne. Lambar da ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba ita a ke bi ba. Ƙarancin iska yana sa taya zafi, yawanta kuma yana sa ta fashe in ta faɗa rami. Sa'ad da a ke ɗura wa tsohuwar taya iska, balle ta babbar mota ko ta tarakta, kada kowa ya tsaya dab da ita ko ya sunkuya a kanta, gama in ta fashe tana kisa.

Ran farko kada a cika lodi, kada kuma a yi gudu. A yi tafiya kaɗan a tsaya a taɓa tayoyin, wadda ta fi sauran zafi da magana. In an ji sitiyari na rawa bayan an yi 'yan mil bai daina ba, a kai wa mai faci ya cire ya duba ciki. In kuwa tsautsayi ya sa taya ta fashe ana cikin tafiya, direba ya riƙe sitiyari da hannu biyu, kada ya danne birki da ƙarfi, ya saki totur a hankali har motar ta rage gudu, sa'an nan ya gangara gefe.

Tsohuwar Taya Ba Ta Rasa Aiki

Haɗarin tsohuwar taya yana tare da gudu. Saboda haka wadda ta tsufa ga mota tana iya ƙara shekaru a amalanken shanu ko na jaki, inda tafiya a hankali ce, in ta yi faci iyakarta ɓata lokaci. Tayar tarakta ma da 'yan tsagu ta kan ci gaba da aiki cikin gona, muddin zare bai fito ba, sai dai a kiyaye gudu da ita a kan kwalta tana jan tirela cike da mutane. Babur kuwa hukuncinsa na mota ne, har ma ya fi, tun da ƙafa biyu gare shi, ɗaya ta fashe ba mai tare shi.

In ta gama da amalanke, masu yin takalma suna saye, ana yanka ta a yi wa dabbobi abin cin dusa, tif kuma a yi guga da robar ɗaure kaya. Abu biyu ne kawai za a guje wa. Kada a bar ta a fili da damina tana tara ruwa, domin nan sauro ke ƙyanƙyasa. Kada kuma a ƙone ta kusa da gida ko a babbake kai da ƙafa da ita, domin hayaƙinta guba ne.

Manomi ya san shekarun sansa ta haƙori, ya san iri in ya kwana biyu ba ya tsira duka. Taya ma haka ta ke, lambobi huɗun nan su ne haƙoranta. Wanda zai kafe mota ko amalanke bana ya nema musu inuwa da tokara, ya rubuta shekarar kowace taya a takarda ya ajiye, domin ya san wadda zai tanadi kuɗin canjawa tun kafin kaka ta zo.